Shiga Makaranta Yaye Ne Na Biyu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Ilimin Firamare A Jihar Kano

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi, da Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44, da hedimastocin makarantun firamare, na gwamnati da masu zaman kansu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon wannan amana. Ni tsohuwar malamar firamare ce. Na daɗe da alli a hannu kafin in ajiye aiki, kuma mafi yawan shekarun nan a aji ɗaya na yi su. Yanzu kaka ce ni, aikina raka jikoki makaranta da ɗauko su. Ina magana da yawun iyaye mata na unguwarmu, waɗanda muke haɗuwa a bakin ƙofar makaranta kowace safiya, da kuma yawun waɗanda ba su iya riƙe fensir ba tukuna balle su rubuto muku, wato yaran shekara 4 zuwa 6 da ake kai wa makaranta karon farko.

Mun san ba a zaune kuke ba. A 2019 aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar nan, a watan Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ana ta maganar gyaran azuzuwa da kujeru da kayan makaranta da ɗaukar malamai, kuma duk muna buƙatarsu. Amma akwai wani abu da ba ya bukatar siminti ko kwangila, wanda ban ji ana kawo shi cikin zancen ba: yadda ake karɓar yaro a makonsa na farko. A kan wannan na ɗauki alƙalami.

Bari in fara daga gida, don can muka fi sani. A gidajenmu in lokacin yaye ya yi, ba a fizge yaro daga ƙirjin uwarsa a ce ya yi ta kansa. Tun da sauran makonni ake saba masa da kunu da tuwo mai laushi. A zaɓi rana. A kai shi gidan kaka, wadda ya riga ya san fuskarta da ƙanshin zanenta. Kaka ta goya shi, ta kwana tana jijjiga shi, in ya farka tsakar dare yana laluben uwa ta ba shi kunu ta lallaɓa shi ya koma barci. Kowa a gidan ya san akwai ɗan yaye. Ba mai yi masa tsawa, in ya yi rigima a ce ku ƙyale shi, yaye ne. Maƙwabta ma su leƙo su ce, "Ya mai yaye? Ya dangana kuwa?" Kalmar ke nan, dangana. Kakanninmu ba su shiga kwalejin horar da malamai ba, amma sun san rabuwa ciwo ce, kuma sai an yi jinyarta kafin yaro ya dangana.

Shiga makaranta yaye ne na biyu. Yaron da bai taɓa yin rabin wuni ba tare da ya ga uwarsa ko yayarsa ba, yau an sa masa kaya masu ƙarfi da takalmin da bai saba da shi ba, an kai shi cikin ɗaruruwan fuskokin da bai sani ba, an juya an tafi. Sai dai wannan yayen ba kaka, ba goyo, ba mai cewa ku ƙyale shi. Abin da yake fara ji shi ne, "Yi mana shiru!"

Mu Hausawa muna da sunayen abin da ke damun yaron nan. Muna cewa ƙiwa, muna cewa ƙulafucin uwa. Likitocin yara sun ce yakan fara ne wajen wata 8 da haihuwa, ya yi ƙarfi a shekara ta biyu, ya lafa wajen shekara 3, sannan ya iya dawowa duk lokacin da rayuwar yaro ta sauya, kamar haihuwar ƙane, ko sauyin gida, ko shiga makaranta. Ba sangarta ba ce, ba kuma shagwaɓa ba. Wata masaniya mai suna Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana bin gidajen ƙauyukan da ke kusa da Kamfala, tana lura da jarirai da iyayensu mata. Abin da ta gani shi ne yaron da ya tabbata uwarsa tana nan, kuma za ta amsa in ya kira, shi ne yake iya sauka daga cinya ya je ya taɓa wannan ya leƙa wancan. Wanda bai da wannan tabbacin, hankalinsa na kan ƙofa. Duk malamar da ta taɓa riƙe aji ɗaya ta san wannan ba sai an faɗa mata ba. Yaron da idonsa ke kan ƙofa ba ya ganin allo.

Kukana na farko a kan ƙofar makaranta ne. A makarantu da yawa, abin da sabon ɗalibi yake fara gani ba malamarsa ba ce. Monita ne da tsumagiya, ko malamin horo da dorina, ga layin masu makara suna tsallen kwaɗo ko kamun kunne. Ranar da na raka jikata wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, tun daga gida take rawar kai, ta hana kowa taɓa sabuwar jakarta, ta lissafa mini abin da za ta saya da kuɗin tara. Muna shan kwana ta hango wani yaro ɗan aji huɗu ana zuba masa bulala a tafin hannu yana yarfewa yana tsalle. Sai na ji ta damƙe gefen hijabina da hannu biyu, ta cusa fuskarta a cinyata. Ba ta yi kuka ba. Na duba ƙasa sai na ga fitsari yana bin ƙafarta yana shiga sabon takalmin. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya yi mata magana. Amma sai da muka yi wata guda cur kullum da safe tana cewa cikinta yana ciwo, kuma fitsarin kwance da ta daina tun tana shekara 3 ya dawo.

Na san amsar da abokan aikina za su bayar, don ni ma na sha bayar da ita: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To amma me ake tanƙwarawa a jikin yaro ɗan shekara 5 da ya makara? Shi ya ƙi hura wuta da wuri? Shi ya hana adaidaita sahu tsayawa? Makarar ƙaramin yaro laifin babba ne, shi kuwa ake sa wa biya. Abin da yake koya ba sammako ba ne. Yana koyon cewa in ya ga rana ta ɗaga, gara ya laɓe a kango ko bayan masallaci har a tashi. Fashin makaranta da muke kuka da shi a aji huɗu da aji biyar, da yawansa a nan aka shuka shi.

Na biyu shi ne wanda ake bai wa aji ɗaya, da yawan yaran da ake tara masa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin share fage, malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni da kaina na riƙe ajin da ya haura yara 100, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. A irin wannan ajin, kafin ka gama kiran rijista an kaɗa ƙararrawar tara. Wannan kun san shi, kuma na san ba a gyara shi a zango ɗaya. Amma akwai wata al'ada da za a iya gyarawa gobe ba da ko sisin kwabo ba. A makarantu da yawa ana kallon aji ɗaya a matsayin ajin da ba ya bukatar gwaninta. Gogaggen malami a kai shi aji shida saboda jarrabawa, aji ɗaya kuwa a bai wa wanda ya zo jiya, ko wanda aka rasa inda za a ajiye shi. Malamin ma yana jin an rage masa daraja. Alhali kuwa ba ajin da ya kai shi wuya. A aji shida darasi kake koyarwa. A aji ɗaya kai ne uwa, kai ne kaka, kai ne mai share majina, kai ne mai raba faɗa, kuma daga fuskarka yaro zai yanke hukunci ko makaranta wurin zuwa ce.

A nan dole in faɗi laifina, don kada ku ɗauka na zo nuna wasu da yatsa ne. A shekarun farko na aikina akwai wani yaro a ajina da ba ya kuka, ba ya rigima. Yana zama a ƙarshen benci kusa da bango, kullum hannunsa ɗaya a aljihu. Wata rana na ce ya fito da hannun ya riƙe fensir, ya ƙi. Na zaro hannun da ƙarfi, sai ga wani ɗan ƙyalle, yankin tsohon ɗankwali, ya yi dauɗa saboda riƙo. Na karɓe na jefa ta taga, yara suka yi dariya. Bai ce uffan ba. Ya zo washegari, ya zo jibi, daga nan ban ƙara ganinsa ba, kuma ban bi sawu ba, don ajin cike yake, gurbinsa ma bai nuna ba. Sai bayan shekaru na ji daga wata maƙwabciyarsu cewa ɗankwalin na mahaifiyarsa ne, kuma ta rasu 'yan watanni kafin a sa shi makaranta. Har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Ba mugunta ce ta sa ni ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa yaron da ya yi shiru yana iya fin mai birgima shan wuya, ko cewa ɗan abin da yaro ya riƙo daga gida shi ne igiyar da ke riƙe da shi. Malamai nawa ne yau suke tsaye a inda na tsaya a ranar?

Na uku, rabin aji, wato ajin share fage. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sa renon yara ƙanana cikin ilimin tushe, kuma ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi a kan ilimin tushen. Bugun Manufar Ilimi na 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Hikimar wannan shekarar ita ce yaro ya saba: ya koyi zama cikin 'yan'uwansa, ya koyi jiran layi, ya koyi cewa uwa tana tafiya kuma tana dawowa. Amma a wurare da yawa rabin aji suna ne kawai. Ko dai babu shi, ko kuma ɗaki ne da aka tara yara a ƙasa ana ta maimaita musu baƙaƙe da ƙarfi har a tashi, ba wasa, ba tatsuniya, ba abin taɓawa. A wasu makarantun kuɗi kuma abin ya zarce ta ɗaya gefen. Ana karɓar yaro ɗan shekara 2 da bai gama iya magana ba, a ɗora masa jaka, a ba shi aikin gida, a yi masa jarrabawa har a ce ya zo na 17 a aji. A zamaninmu sai yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen ake ɗaukarsa. Ba awo ne mai kyau ba, takardar haihuwa ta fi shi, amma aƙalla masu yinsa sun yarda cewa akwai lokacin da yaro bai isa ba.

Sai harshe. Ba zan shiga gardamar da ake yi a Abuja kan harshen koyarwa ba. Abin da na sani shi ne ba a rarrashi da harshen da yaro ba ya ji. Akwai makarantun da ake cin tarar yaro ko a doke shi don ya yi Hausa. Ku duba halin ɗan shekara 4 da fitsari ya matse shi, bai san yadda ake faɗa da Turanci ba, kuma an ce in ya faɗa da Hausa za a doke shi. Haka ɗan Fulanin da ya taso a ruga da Fulatanci, ko yaron da iyayensa suka zo Kano daga wata jiha, in aka jefa shi ajin da ba mai jin harshensa. Ko kalma biyar malama ta koya ta gaishe shi da su, ta tambaye shi ruwa ko bayan gida, ta sauke masa rabin kayan da ke kansa.

Bayan gidan ma kansa abin tsoro ne, kuma manya ba sa kawo shi a lissafi. Masai mai faɗin baki, ɗaki mai duhu, ba ƙofa, ba buta, ba ruwa, manyan yara suna leƙe. Yaro ya gwammace ya matse har a tashi. In ya kasa ya saki a wando, a sa masa suna, sunan ya bi shi har aji shida. Na san yaran da suka ƙi makaranta saboda wannan kaɗai, iyayensu suna ta dukansu ba su san dalili ba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ga yunwa. Duk malamin da ya ga lokacin da shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 don aji ɗaya zuwa uku, yake tafiya sosai, ya ga yadda ƙananan azuzuwa suke cika, kukan safe kuma yake raguwa. Yaron da ya fito ba karin kumallo, komai ƙanƙantar abu sai ya sa shi kuka.

Akwai kuma wani tsoron da mu ba mu taso da shi ba, 'ya'yanmu kuwa a cikinsa suka buɗe ido, wato tsoron sace ɗalibai daga makarantu. Ƙanƙara a Disambar 2020. Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021. Tegina a watan Mayun shekarar, inda aka kwashi yaran Islamiyya fiye da 100, wasunsu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. Kuriga a Maris ɗin 2024. Nan cikin Kano ma ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 ba, wadda labarin kisanta ya girgiza gari a Janairun 2022, kuma a hannun wanda aka damƙa wa amanar karatunta. Muna ɗauka yara ba sa ji. Suna ji. Rediyo a kunne yake a tsakar gida, waya tana yawo hannu zuwa hannu, mu kuma muna salati muna maimaita labarin a gabansu. Jikana ɗan shekara 5 ya taɓa tambayata, muna cikin cin tuwo, "Hajiya, in 'yan bindiga suka zo makaranta, ina zan ɓuya?" Irin wannan tambayar ba a amsa ta da "rufe mana baki". Kuma ba na iya amsa ta da gaskiya sai in na san makarantar tana da katanga, tana da mai gadi, kuma ba a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce an aiko shi.

Ranku ya daɗe, mu iyaye ma muna da namu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Mu ne muke mayar da makaranta dodo tun yaro bai gan ta ba: "Bari dai a sa ka a makaranta, malam zai yi maganinka." Mu ne muke yi masa ƙarya a bakin aji, "Tsaya nan in sayo maka alewa," mu sulale. Ranar ya yi ta jiran alewa, gobe kuma ko bayan gida uwa za ta shiga sai ya riƙe zanenta, don ya koyi cewa maganarta ba abin riƙewa ba ce. Mu ne muke tsayawa a taga muna share hawaye yana kallonmu. Mu ne muke barinsa a gaban waya har 11 na dare, mu tashe shi da asuba, boko da safe, Islamiyya da yamma, wani har da makarantar dare, alhali likitoci sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan shekara 6 kuma awa 9 zuwa 12. Yawancinmu ba da gangan muke yi ba. Haka aka yi mana, kuma ba wanda ya nuna mana wata hanya. Ku kuke da makarantu da rediyo da ikon tara mu.

Don haka ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne a fitar da takardar umarni ga kowace makarantar firamare a jihar nan, ta gwamnati da mai zaman kanta, cewa mako biyun farko na sabuwar shekarar karatu makonnin sabo ne ga rabin aji da aji ɗaya. Kafin a buɗe makaranta a ware rana ɗaya da uwa ko uba ko kaka za su kawo yaro ya ga ajinsa, ya ga inda zai zauna, ya ga bayan gida da wurin shan ruwa, ya ji sunan malamarsa, ita ma ta ji nasa da wanda ake kiransa da shi a gida. A kwanaki ukun farko a bar mai rakiya ya kai yaro har bakin aji, ya yi masa sallama a fili, gajeriya, ya gaya masa gaskiyar lokacin da zai dawo da abin da yaro ya sani: "Kafin a kira azahar ina nan." A tashi ƙananan da wuri a makon farko, a riƙa ƙara lokacin a hankali. Kada a fara da rubutu. A fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da 'yar carafke, da wasan gala-gala, da zane a ƙasa, da koyon sunayen juna. Yaron da ya ji "Ga ta nan, ga ta nanku" daga bakin malama, ya amsa tare da 'yan ajinsu, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin makaranta. In ya zo da ɗan abin da ya riƙo daga gida, a bar masa. Da kansa zai ajiye ranar da ya dangana.

Muna roƙon a hana bulala ga 'yan rabin aji zuwa aji uku hani na rubuce, a kuma ɗauke duk wani horo daga bakin ƙofa. In yaro ƙarami yana yawan makara, a kira babbansa. Wanda zai tsaya a ƙofa da safe ya zama mai sakin fuska da ya san gaisuwa.

Muna roƙon hedimastoci su kai mafi haƙuri da gogewa cikin malamansu aji ɗaya, hukuma kuma ta sa hakan ya zama abin alfahari, a riƙa dubawa wajen ƙarin girma. Kwalejojin iliminmu suna yaye masu takardar NCE a fannin renon yara ƙanana. A nemo su a ajiye su inda karatunsu zai yi amfani. Sauran kuma a ba su bita ko ta kwana biyu ce a lokacin dogon hutu, ba kan tsara darasi ba, kan yaron kansa: yadda ake durƙusawa a yi masa magana ido cikin ido, yadda ake cewa "na san kana kewar Umma" maimakon "ba ka jin kunya, ƙato da kai", yadda ake gane mai shiru. Tunda kuma cunkoso ba zai ƙare bana ba, kwamitocin kula da makarantu na al'umma su zaɓo dattijan mata biyu ko uku daga unguwa, waɗanda aka san su aka yarda da su, su zauna a ƙananan azuzuwa a watan farko, a ba su ɗan abin goro. Kakar yaye ke nan ta dawo. Mu tsofaffin malamai da muke zaune a gida, da yawanmu za mu zo ko ba a ba mu komai ba. Haka nan kowane sabon yaro a haɗa shi da yaya ɗan aji biyar ko shida da zai riƙe hannunsa lokacin tara, ya raka shi bayan gida. Monitan da aka bai wa tsumagiya, in aka ba shi ƙane a maimakonta, shi ma ya ƙaru.

A cikin kuɗin gyaran makarantu a ware bayan gida na ƙanana, mai ƙaramin baki, mai haske, da buta da ruwa. Kowane aji ɗaya ya ajiye wando biyu da zane ɗaya a akwati, don in tsautsayi ya faru a sauya wa yaro a asirce. A rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro, kada a sake shi ga wani.

Muna roƙon a bi sawu. Duk sabon ɗalibin da aka yi kwana uku ba a gan shi ba a zangon farko, wani ya taka ya je gidansu ya tambaya, ba da faɗa ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Muna yawan maganar waɗanda ba a taɓa kai su ba. A cikin lissafin nan akwai waɗanda aka kai, suka leƙa, suka gudu, irin yarona mai ɗankwali. Malamai kuma su san iyakar abin da rarrashi yake magani. Yawancin yara suna dangana cikin mako biyu ko uku. Wanda ya wuce wata yana kuka, ko yana rama, ko ya daina magana, a shawarci iyayensa su kai shi asibiti. Wani ba ya ganin allo ne, wani ba ya ji sosai, wani sikila ke damunsa, wani ciwon cikin nasa na gaske ne. Wanda kuma da yana son makaranta, rana ɗaya ya ƙi ta ƙememe, ko ya ƙi wani mutum guda a cikinta, kada a doke shi a tura shi. A zauna a tambaye shi a hankali, a kuma yarda da abin da ya faɗa har a bincika.

Na ƙarshe, ku yi mana magana. A watan Agusta, kafin a koma, ku sa a yi shirye-shirye a Rediyon Kano da talabijin na Abubakar Rimi da sauran tashoshin gari, da Hausar da kowace uwa za ta gane, kan yadda ake shirya yaro. Ku roƙi limamai su taɓo zancen a huɗuba. Ba za su rasa hujja ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita don kada ya wahalar da uwarsa. In har an taƙaita salla saboda kukan yaro ɗaya, ba na jin manhajar aji ɗaya ta fi ƙarfin a jinkirta ta mako biyu.

Jikan nan nawa mai tambayar inda zai ɓuya, shi ne na gaba a layi. Tun yanzu na fara bi da shi ta gaban makarantar in za mu kasuwa, ina nuna masa bishiyar darbejiyar da ke tsakar filin, ina gaya masa a ƙarƙashinta ake cin abincin tara. Ya zaɓi tagar da yake so ta zama ta ajinsu. Abin da zan iya daga waje ke nan. Ina roƙon ɗayanku, ko Kwamishina ko sakataren ilimi, ya zaɓi kowace firamare a cikin birni ko ƙauye, ya je ranar Litinin ɗin farko ta sabuwar shekarar karatu, da ƙarfe 7:30 na safe, ba jiniya, ba sanarwa, ya tsaya a bakin ƙofa na rabin awa yana kallon fuskokin masu shiga da hannuwan da suke riƙe da zanen iyayensu. Ni ma ina bakin tamu ƙofar a wannan lokacin, riƙe da hannunsa.

Allah ya yi muku jagora, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar aji ɗaya, a madadin iyaye mata na unguwarmu, Kano.